Lambobi miliyan 12, matiriks ɗaya: ina matsalar take?

Auwal:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako a kan Python. Ina da fayil mai ɗauke da lambobi miliyan 12, kowace lamba a layinta, kuma ina so in mayar da su matiriks, wato teburin lambobi, mai sahu 4000 da ginshiƙi 3000. Abin da nake yi shi ne in karanta fayil ɗin cikin jeri, sannan in riƙa yankar lambobi dubu uku-uku ina liƙa su a ƙarƙashin na baya:

A = np.array([jeri[0:3000]])
for i in range(1, 4000):
    A = np.vstack([A, jeri[i*3000:(i+1)*3000]])

Da farko yana gudu lafiya lau, amma da ya yi nisa sai ya fara ja, kowane sahu ya fi na bayansa cin lokaci. Kwamfutar tana da RAM gigabayit 8. Ƙarancin RAM ne, ko akwai abin da ban gane ba? Nan gaba fayilolin da za a ba ni sun fi wannan girma, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Sadiq:
Wa alaikumus salam. Layi ɗaya ya ishe ka:

A = np.array(jeri).reshape(4000, 3000)

Share wancan zagayen gaba ɗaya.

Malam Kabiru:
Amsar Sadiq daidai take, amma Auwal, ina so ka san dalilin jan, don kada gobe ka sake faɗawa ciki ta wata ƙofar.

RAM ɗinka ba ta da laifi. Yi lissafin da kanka. Kowace lamba mai ɗigo irin float64 tana cin bayit 8. Miliyan 12 sau 8 ya ba ka bayit miliyan 96, wato megabayit 96 kacal. A gaban gigabayit 8 wannan ba komai ba ne.

Matsalar tana jikin vstack. NumPy, wato kayan lissafin Python da kake kira da np, yana ajiye lambobinsa a wuri ɗaya a jere, ba giɓi a tsakani, don haka ba shi da halin ƙara sahu a ƙarshen abin da ya riga ya ajiye. Duk lokacin da ka kira vstack, sai ya nemi sabon wuri mai girman tsohon da ƙarin sahu ɗaya, ya kwashe komai ya zuba a can, ya saki tsohon. Kamar marubucin da duk sanda zai ƙara layi ɗaya sai ya sake kwafe littafin tun daga shafin farko. Sahu ɗaya naka bayit 24,000 ne. A zagaye na ɗari yana kwafar sahu ɗari, a na dubu uku yana kwafar dubu uku. In ka tara daga 1 zuwa 4000 za ka samu 8,002,000, ka ninka da 24,000, abin ya kai wajen gigabayit 192. Ka gani? Don gina abu mai megabayit 96 ka sa kwamfuta ta yi dakon gigabayit 192. Kuma in sahun ya ninka sau biyu, dakon zai ninka sau huɗu ne. A nan fargabarka game da manyan fayiloli take da tushe.

Haka np.append da np.concatenate suke in an sa su cikin zagaye. In dole sai ka cika sahu-sahu, to ka tanadi wurin tun farko da np.empty((4000, 3000)), ka riƙa zuba kowane sahu a mazauninsa.

Sai abu na biyu: jerin Python ɗin kansa. Kowace lamba mai ɗigo a cikinsa tana cin bayit 24, ga kuma bayit 8 na manunin da ke nuna inda take. Bayit 32 ke nan, sau miliyan 12, megabayit 384. Ninki huɗu na abin da NumPy ke buƙata. Gara ka bar np.loadtxt ya karanta fayil ɗin kai tsaye, ka tsallake jerin baki ɗaya. A da loadtxt yana da nawa, amma tun fitowar NumPy 1.23 a 2022 aka sake rubuta shi da C, ya yi sauri sosai.

Auwal:
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan lissafin ya buɗe mini ido.

Dokta Bilkisu:
Ku dakata kaɗan. Kowa ya tafi a kan sauri, ba wanda ya tambayi yaron nan wa ya rubuta fayil ɗin. Auwal, wace manhaja ce ta fitar da lambobin, kuma ta wane tsari ta jera su?

Ina tambaya ne don reshape ba ya gardama. In adadin ya yi daidai, zai ba ka matiriks ko da kowace lamba ta zauna a gurbin da ba nata ba. Ɗauki lambobi shida: 1, 2, 3, 4, 5, 6, kana son sahu 2 da ginshiƙi 3. NumPy zai cika sahun farko kafin ya sauko:

1 2 3
4 5 6

MATLAB da R da Fortran kuwa ginshiƙi suke fara cikawa, daga sama zuwa ƙasa:

1 3 5
2 4 6

Jeri ɗaya, siffa ɗaya, matiriks biyu daban. A lambobi shida ido zai kama. A miliyan 12 ba abin da zai nuna maka, lissafi zai tafi, zane zai fito, har a rubuta sakamako a kai. Wannan ya fi jinkiri haɗari nesa ba kusa ba, domin jinkiri kana ganinsa.

Auwal:
Dokta, abokin aikina ne ya fitar da shi daga MATLAB. Na tambaye shi yanzu, ya ce A(:) ya yi ya rubuta a fayil.

Dokta Bilkisu:
To ka ji. A(:) ginshiƙi bayan ginshiƙi yake zubowa. Lambobi 4000 na farko a fayil ɗinka su ne ginshiƙin farko, ba su da alaƙa da sahun farko in ban da ta farkonsu. Kana buƙatar ka gaya wa NumPy haka:

A = x.reshape(4000, 3000, order='F')

Harafin F ɗin daga Fortran ya samo asali, wanda John Backus da mutanensa suka fitar a IBM a 1957. Tsarin da NumPy ke bi in ba ka ce komai ba shi ne na C.

Sadiq:
Dokta, ai abin bai kai haka ba. Ya yi yadda na ce, sannan ya juya shi da .T, shi ke nan.

Dokta Bilkisu:
A'a Sadiq, gwada ka gani. In ka yi reshape(4000, 3000) ka juya, za ka samu sahu 3000 da ginshiƙi 4000, kuma lambobin a cakuɗe, don tun farko ka yanka jerin a inda bai kamata ba, kana yanka dubu uku-uku alhali an jera shi dubu huɗu-huɗu. Juyawa ba ta gyara yankan da ya riga ya karkace.

In kana son hanyar juyawa, sai ka musanya siffar tukuna: reshape(3000, 4000) sannan .T. Duba da lambobin nan shida. Sahu 3, ginshiƙi 2 zai ba ka 1 2, sai 3 4, sai 5 6. Juya shi, ga 1 3 5 a sama, 2 4 6 a ƙasa. Daidai da na MATLAB.

Na san inda ka samo naka. In sahu da ginshiƙi adadinsu ɗaya ne, juyawar kawai tana aiki, kuma yawancin misalan da ake koyarwa da su 3 sau 3 ne. Shi ya sa mutane da yawa ke riƙe ta a matsayin ƙa'ida.

Sadiq:
Na gwada a shidan. Maganarki ce.

Injiniya Nura:
Bari in sa baki daga ɓangaren C, don abin da Dokta ta faɗa ya fi fitowa fili a can.

A cikin RAM babu sahu, babu ginshiƙi. Layi ɗaya ne dogo na bayit. Matiriks yarjejeniya ce kawai a kan yadda za a lissafa mazauni. In ginshiƙai n ne kuma ana bin tsarin C, lambar da ke sahu i ginshiƙi j tana mazauni na i*n + j. A tsarin Fortran mai sahu m, tana j*m + i. Shi ke nan duk bambancin. Wannan ne ya sa reshape a kan lambobin da ke jere bai ɗaukar lokaci ko kaɗan: ba ya taɓa su, lissafin mazaunin kawai yake canzawa. Haka .T. Amma ku sani, tunda ba a kwafa ba, in ka canza lamba a cikin A, ta canzu a cikin x ma.

Ga masu rubutu da C ko C++, abubuwa biyu nake yawan gani. Mutum ya rubuta double a[4000][3000] a cikin function kai tsaye, firogiram ya mutu kafin ya fara. Wurin da ake ajiye irin waɗannan ƙarami ne, yawanci megabayit 8 a Linux, megabayit 1 a Windows, kai kuma ka kawo 96. Nemi wurin da malloc ko std::vector, dunƙule ɗaya, ba kowane sahu da nasa ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. In i da n duk int ne mai bit 32, iyakarsu 2,147,483,647. Matiriks mai 50,000 sau 50,000 yana da gurbi biliyan 2.5. I*n zai tsallake iyaka, ya ba ka mazaunin da ba shi ba ne. A yi amfani da size_t.

Tsarin kuma yana shafar gudu. Firosesa ba ta ɗauko lamba ɗaya daga RAM, tana ɗauko bayit 64 a tare a yawancin injinan yau, wato float64 takwas. In kana tafiya yadda aka jera su, ɗauka ɗaya ta ba ka takwas. In kana tsallake-tsallake ta ɗaya gefen, kowace lamba sai an je mata takanas.

Zainab:
Ni shawarata ya sa dtype, wato nau'in lambar, ya zama float32. Bayit 4 maimakon 8, wurin ya ragu da rabi, 48 maimakon 96. Tunda ya ce manyan fayiloli na tafe, gara ya saba tun yanzu.

Malam Kabiru:
Zainab, ban goyi bayan wannan ba, aƙalla ba yanzu ba. Float32 alƙaluma kusan bakwai yake riƙewa daidai, float64 kuwa goma sha biyar zuwa sha shida. Ko cikakkun lambobi, float32 yana riƙe su ɗaya bayan ɗaya ne zuwa 16,777,216 kawai. Ba shi 16,777,217, zai mayar maka da 16,777,216. Ba mu san abin da Auwal zai yi da matiriks ɗin ba. In zai warware lissafi da shi, kurakuran nan ƙanana suna taruwa. Don ceton megabayit 48 a kwamfuta mai gigabayit 8, bai cancanta ba.

Zainab:
Malam, na yarda a wannan fayil ɗin babu riba. Amma ya danganta da inda lambobin suka fito. In na'urar awo ce ta ba da su da alƙaluma huɗu ko biyar, sauran alƙaluman da float64 ke riƙewa ba gaskiya suke ɗauke da ita ba. Masu horar da manyan samfura na koyon inji da float32 suke aiki, har da abin da bai kai shi ba. Hoto kuma uint8 ya ishe shi, 0 zuwa 255, bayit ɗaya. Ina ganin bai dace a ce wa mai koyo float64 ne kaɗai mafita ba.

Malam Kabiru:
Ajiya daban, lissafi daban, ƙanwata. Lamba mai alƙaluma biyar za ta zauna lafiya a float32. Amma ki tara irinta miliyan ɗaya bayan ɗaya, jimillar ta yi girma har ƙaramar da ake ƙarawa ta fara ɓacewa a cikinta. Masu koyon inji aikinsu yana jure wannan, ba kowane aiki ke jurewa ba. In wuri ya yi ƙunci, a ajiye a float32, a ɗaga zuwa float64 lokacin tarawa. Wannan na amince da shi. Kuma tunda kin ambaci uint8, a kula: 200 da 100 in aka haɗa su a matiriks na uint8, 44 za a gani, don yana zagayowa ne bayan 255, kuma ba zai yi gargaɗi ba.

Zainab:
A kan ajiya da ɗagawa mun haɗu. Sauran kuma sai Auwal ya faɗi aikin.

Mubarak:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don ta yi kama da wannan. Ni nawa 60,000 sau 60,000 ne. Ina da jeri uku: lambar sahu, lambar ginshiƙi, da abin da za a sa a gurbin. Guraben da ke da wani abu kusan miliyan 2 ne, sauran sifili. Na nemi np.zeros((60000, 60000)) ya ce wuri bai isa ba.

Sadiq:
Gurbi biliyan 3.6 sau 8, gigabayit 28.8. Nemi inji mai RAM gigabayit 64 a intanet ka yi aikinka, ko ka yi amfani da np.memmap ya zauna a faifai.

Dokta Bilkisu:
Haba Sadiq. Gigabayit 28.8 na me? Na sifili. Cikin kowane gurbi 1,800, ɗaya ne kawai ke da abu. Mubarak, kada ka gina wannan matiriks ɗin ko da an ba ka injin. Jerin nan uku da ke hannunka su ne matiriks ɗin, SciPy kawai za ka miƙa wa:

from scipy.sparse import coo_matrix
S = coo_matrix((kima, (sahu, ginshiki)), shape=(60000, 60000)).tocsr()

Kowane gurbi mai abu yana cin bayit 8 na ƙima, da 4 da 4 na mazauni. Miliyan 2 sau 16, megabayit 32. Kuma ba wuri kaɗai ka ceta ba. Ninka matiriks ɗin da jerin lambobi zai ɗauki ninki miliyan 2 maimakon biliyan 3.6. Babban inji ba zai ba ka wannan ba, memmap kuwa zai sa ka karanta sifili daga faifai, abin da ya fi komai nawa.

Abubuwan da za ka kiyaye. Ka rubuta shape da hannunka, in ba haka ba zai ƙiyasta daga mazauni mafi girma, kuma in sahun ƙarshe babu komai a cikinsa sai ya ba ka matiriks da bai cika ba. In gurbi ɗaya ya zo sau biyu a jerinka, tara su zai yi, ba zai ɗauki na ƙarshe ba. Masu lissafin gine-gine da injina suna son haka, amma in maimaicin kuskure ne a bayananka, za ka ga lamba ta ninku. Sannan kada ka kira toarray, kada kuma ka nemi kishiyar matiriks ɗin da inv, don kishiyar irin wannan galibi cike take fitowa. In warwarewa kake so, akwai spsolve da cg a scipy.sparse.linalg.

Injiniya Nura:
Memmap yana da ranarsa, Dokta, kada a kore shi gaba ɗaya. In guraben a cike suke da gaske kuma sun fi RAM, shi ne ko HDF5, wani tsarin fayil na manyan bayanai, a riƙa ɗaukar yanki-yanki. Amma a batun Mubarak ina tare da ke.

Mubarak:
Na gode ƙwarai. Mazaunan nawa daga 1 suka fara, sai in rage ɗaya-ɗaya ko?

Dokta Bilkisu:
Eh, rage. Python daga 0 yake ƙirga.

Auwal:
Na dawo. Na karanta da loadtxt, na sa reshape yadda Dokta ta ce, sai ya ƙi. Ya ce ba zai iya mayar da lambobi 12000002 zuwa siffar 4000 da 3000 ba. Akwai biyu da suka yi yawa. Tsohon zagayen nawa bai taɓa kawo wannan ƙorafin ba.

Sadiq:
Yanke biyun ƙarshe, x[:12000000], ko ka yi np.resize.

Malam Kabiru:
Kada ka yanke komai tukuna. Np.resize ma ka nisance shi a nan: in lambobi sun yi yawa zai zubar da na ƙarshe, in sun gaza zai koma farko ya maimaita har ya cika, duk ba tare da ya ce uffan ba. Ƙin da reshape ya yi taimakonka ya yi. Buga x[:5] da x[-5:] ka turo mu gani.

Auwal:
Na farko: 4000, 3000, 0.8127, 0.7954, 0.8033. Na ƙarshen duk ƙanana ne irin waɗannan.

Malam Kabiru:
To ga su nan. Abokin aikinka ya rubuta siffar matiriks ɗin a layi biyu na farko, wanda dabara ce mai kyau, sai dai ba a gaya maka ba. Da ka yanke na ƙarshe, da 4000 da 3000 sun shiga cikin bayananka, kowace lamba ta gusa da gurbi biyu, biyu na gaske kuma sun salwanta. Tsohon zagayen abin da yake yi ke nan, shi ya sa bai yi ƙorafi ba. Duk wani sakamako da aka fitar da shi a baya, a sake shi.

Tunda siffar na cikin fayil, karanto ta daga can:

x = np.loadtxt(fayil)
m, n = int(x[0]), int(x[1])
A = x[2:].reshape(m, n, order='F')

Da wannan, fayilolin da ke tafe ma ba sai ka canza komai ba. Kuma ka rubuta m da n dukansu, kada ka sa -1 a ɗaya don NumPy ya cike maka. In ka ba shi biyun, zai duba maka cewa adadin ya yi daidai.

Dokta Bilkisu:
Kafin ka ci gaba, ka tabbatar da ido. Ce wa abokinka ya karanto maka A(2,1) da A(1,2) da A(4000,1) daga MATLAB, kai kuma ka duba A[1,0] da A[0,1] da A[3999,0]. Gurbin farko da na ƙarshe ba su da amfani a wannan gwajin, don a kowane tsari wuri ɗaya suke faɗawa.

Auwal:
Ukun duk sun yi daidai, alhamdu lillahi. A[1,0] shi ne 0.7954 ɗin da ke sama. Tambaya ta ƙarshe: aikina sahu-sahu zan riƙa bi, ina cire matsakaicin kowane sahu. Maganar Injiniya ta tsallake-tsallake ta shafe ni?

Injiniya Nura:
Ta shafe ka in da zagaye za ka bi, don yanzu maƙwabta biyu a sahu ɗaya akwai bayit 32,000 a tsakaninsu. Ko dai ka yi A = np.ascontiguousarray(A) sau ɗaya, ya kwafe megabayit 96 ɗin zuwa tsarin C, ko kuma ka bar zagayen ka rubuta A - A.mean(axis=1, keepdims=True), NumPy ya yi duka a tashi ɗaya. Ni na biyun zan ɗauka.

Sannan ka ajiye da np.save. Fayil ɗin npy yana riƙe siffa da nau'in lamba da tsarin jeri a kansa, kuma buɗe shi ya fi karanta rubutu sauri sosai. Don fayilolin gaba, roƙi abokinka ya ba ka fayil ɗin mat kai tsaye, scipy.io.loadmat zai buɗe shi da siffarsa daidai. Sai dai in ya ajiye da sigar 7.3, wannan HDF5 ne, loadmat ba ya karanta shi, sai h5py. A can za ka ga 3000 sau 4000, kuma a wannan karon .T kaɗai ya isa.